Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Da Ke Ba Da Izinin Kiwon Kawa A Tafkunan Bakin Teku

Masu girma shugabanni da jami'an waɗannan hukumomi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata jimla guda da ta zama ruwan dare a takardun neman izini, da rahotannin masu ba da tallafi, da jawaban buɗe taro: wai kawa tana tsabtace ruwa. Ban zo in ƙaryata jimlar ba. Gaskiya ce, amma rabi. Ɗaya rabin yana kwance cikin laka a ƙasan tafki, inda ba kasafai jami'anku ke leƙawa ba kafin su sa hannu.

Bari in fayyace abin da nake nufi tun daga farko, kada mu yi ta magana kowa da nasa a zuci. Halittun da ake kiwo a waɗannan wurare masu ɓawo biyu ne, suna buɗewa suna rufewa kamar murfin akwati. Akwai kawa, wadda ake ratayewa a igiya ko a zuba cikin keji. Akwai ƙumbar da ke manne wa igiya cunkus, zan kira ta ƙumbar igiya. Akwai kuma wadda ke binne kanta cikin yashi da taɓo, ƙumbar laka ke nan. Ba a ba ko ɗayansu abinci. Ruwa suke zuƙa su tace ƙananan tsirran da ke yawo a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani sai sun taru sun mai da ruwa kore. Tafkin bakin teku kuwa ruwa ne marar zurfi da tudun yashi ya raba shi da teku, aka bar masa ƙofa ɗaya ko biyu da ruwan gishiri ke shiga yana fita. Irin waɗannan tafkuna sun kai kimanin kashi 13 cikin 100 na gaɓar tekun duniya. Sana'ar ma ba ƙarama ba ce: alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an noma kusan tan miliyan 19 na halittu masu ɓawo a 2022, mafi yawa a ƙasar Sin.

Na san galibinku kun ga gwajin nan na tankunan gilashi biyu. A cika su da koren ruwa, a jefa kawa goma ko sama da haka a ɗaya, a bar ɗayan haka nan. Kafin awa biyu tankin kawa ya yi garau, ana hango hannun mutum ta bayansa. Jama'a su yi tafi, a ɗauki hoto. Ni ma na taɓa yin tafin. Sai wani dattijo mai kiwo, wanda ya tsaya gefe yana murmushi, ya ja hannuna ya ce, "Malam, durƙusa ka dubi gindin tankin." Na durƙusa. Kewaye da kowace kawa akwai wasu abubuwa masu ruwan ƙasa kamar guntayen zare, da wasu 'yan curi-curi masu yauƙi. Zaren nan kashinta ne. Masu yauƙin kuwa abin da ta zuƙo ne ta ga ba ta so, ta naɗe shi da majina ta tofar tun bai kai cikinta ba. Ashe koren da ya bar ruwa bai je ko'ina ba, saukowa ƙasa ya yi. Akwai kuma na uku wanda ko an durƙusa ba a ganinsa, wato amoniyar da take fitarwa kai tsaye cikin ruwa, kwatankwacin fitsarinta. Ita kuwa amoniya, babu takin da waɗannan ƙananan tsirrai ke sha da sauri kamarta. Wato ta gefe guda kawa tana cinye su, ta ɗaya gefen kuma tana zuba musu taki.

Daga ranar na daina tambayar ko lita nawa kawa ke tacewa. Ana yawan cewa babbar kawa guda tana iya tace lita 190 a yini, kuma tana iyawa, in ruwan na da ɗumi kuma komai ya yi mata daidai. Tambayar da ta kamata ita ce: naitirojin da fosfaras, wato sinadaran taki da ke cikin abin da ta tace, ina suka nufa?

Dukkanmu mun san ta inda suke shigowa. Daga tudu suke gangarowa: takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, ruwan masai na garuruwa, dattin gidajen dabbobi. Idan suka shiga tafki, in ban da abin da ruwa ya kwasa ya fita da shi teku, ƙofofin fita na kirki biyu ne kacal naitirojin ke da su. Akwai ɗan abin da ke binnuwa can cikin laka, amma wannan ajiya ce, ranar da aka tona zai dawo.

Ƙofar farko ita ce girbi. Abin da ya zama nama da ɓawo aka ɗora a jirgi aka kai tudu, ya fita ke nan, babu gardama. Sai dai a auna. Tan guda na ƙumbar igiya, da ɓawonta da komai, yana ɗauke da naitirojin kimanin kilo 10, fosfaras kuwa bai kai kilo 1 ba. A kawa mai kaurin ɓawo abin bai ma kai haka ba. Mutum ɗaya yana zubar da naitirojin kilo 4 zuwa 5 a shekara ta bayan gida da fitsari. In gona ta yi girbin tan 1,000, kuma wannan ba ƙaramar gona ba ce, ta kwashe na mutum dubu biyu ne da 'yan kai. Ku ɗora wannan a kan sikeli ɗaya da birnin da ke bakin tafkin da dubban hektocin da ake noma a bayansa.

An ma taɓa gwada abin a aikace. A garin Lysekil na ƙasar Suwidin, wajen shekarar 2005, aka amince wa ƙaramar hukuma ta biya masu kiwon ƙumba su kwashe tan 39 na naitirojin a shekara, maimakon ta ƙara wa ma'aikatar tace ruwan masai sashen cire shi. Lissafin ya nuna sai an yi girbin ƙumba sama da tan 3,000 kowace shekara. A takarda ya yi kyau. A ruwa girbin bai kai abin da aka yanka ba, gwajin ya tsaya. Ƙumba halitta ce, tana da shekarar albarka da shekarar asara, bututun masai kuwa ba ya hutun ko yini ɗaya.

Ƙofa ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma a nan ne nake son ku ɗan tsaya tare da ni, domin a nan gizo ke saƙar. Ku sami bututun roba mai haske, irin wanda ake ganin abin da ke ciki, ku soka shi cikin lakar tafki, ku toshe samansa, ku zaro a hankali. Za ku ga laka ta fito hawa-hawa. A sama akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa-ƙasa, kaurinsa sau da yawa bai wuce 'yan milimita ba. Ƙarƙashinsa toka-toka, can ƙasa baƙi. Wannan siririn layi shi ne iya inda iskar oksijin ke kaiwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu juya amoniya ta koma naitiret (su biyun nau'o'in naitirojin ne), kuma ba sa aiki sai da oksijin. Dab da su a ƙasa, inda oksijin ta ƙare, akwai wasu da ke karɓar naitiret ɗin su yi numfashi da shi, su mai da shi iskar naitirojin, irin wadda ta kai kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Ta tashi ta bar ruwa, ba ta cutar da kowa. Aiki ne na maƙwabta biyu masu miƙa wa juna kaya ta kan katanga: in na sama ya daina miƙowa, na ƙasa ya zauna hannu rabbana.

Idan kashin kawa yana sauka daidai wa daida, yana ciyar da waɗannan maƙwabta, aikinsu ya ƙaru. An auna haka a kogin Choptank na Amurka, a wurin da aka farfaɗo da tsibin kawa na asali, aka tarar iskar naitirojin da ke fita ta ninka ta wurin da babu kawa sau da yawa. Irin wannan sakamako ne ake ɗauka a liƙa a takardar neman izinin kowace gona. Amma tsibin kawa da ke zaune a ƙasan ruwa mai gudu, cike da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa masu huda laka suna shigar da iska, daban yake da dubban igiyoyi da aka rataya a kan kwantaccen ruwa suna yayyafa kashi wuri guda dare da rana.

Idan kashin ya yi yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sai su shanye oksijin ɗin da ke wurin. Layin nan mai ruwan ƙasa ya yi ta sirancewa har ya ɓace, baƙar laka ta hau sama. Ruwan teku kuwa cike yake da gishirin salfet, don haka wasu ƙwayoyin sai su koma numfashi da shi, suna fitar da salfayid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Salfayid guba ce ga maƙwabcin sama. Ya daina aiki, amoniya ta daina zama naitiret. Ɗan naitiret ɗin da ya rage ma, maimakon ya zama iska, wasu ƙwayoyin na juya shi ya koma amoniya. Ƙofa ta rufe ke nan. Fosfaras ma haka: muddin akwai oksijin, tsatsar ƙarfen da ke cikin laka na riƙe da shi gam, da zarar oksijin ta ƙare sai ta sake shi ya hau ruwa. Lakar da a da take haɗiye taki ta koma mai amayo shi. Na taɓa bin masu ɗibar samfur zuwa wata gona da ba zan ambaci sunanta ba. Ruwan saman kamar na sha, ana ganin igiyoyi har ƙasa. Da aka zaro bututu daga ƙarƙashin katakan, baƙi ne wuluk tun daga sama, kuma kafin a ce mene ne wannan kowa a jirgin ya toshe hanci. Mita ɗari daga wurin, a ruwa ɗaya, bututu ya fito da layinsa mai ruwan ƙasa lafiya lau. A rahoton shekarar, abin da aka rubuta game da gonar shi ne ruwanta na da kyau. Kuma ba ƙarya aka yi ba, ruwan kaɗai aka ce a auna.

Tafkin Thau da ke kudancin Faransa, kusa da garin Sète, makaranta ce ga duk mai son gane wannan lamari. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 75, zurfinsa a matsakaici wajen mita 4, kuma ta 'yan magudanai kaɗan yake haɗuwa da Bahar Rum, don haka ruwansa kan ɗauki watanni kafin ya sauya. A gefen Bouzigues da Mèze da Marseillan an kafa dubban tebura na ƙarfe da katako cikin ruwa, daga jikinsu igiyoyi ke saukowa, an manna musu 'ya'yan kawa da siminti. Mutanen wurin na da kalmar da suke kiran masifar lokacin zafi, malaïgue, ma'anarta mugun ruwa a tsohon harshen yankin. Zafi ya tsananta, iska ta ɗauke na kwanaki, oksijin ta ƙare daga ƙasa tana hawa sama, salfayid ta bazu, ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, abin da ke rataye a igiya ya mutu. An yi ta a 1975, an yi a 1987 da 1997 da 2006, sannan a 2018 ta dawo ta kashe kusan dukkan ƙumbar igiya da wani babban kaso na kawa. Aune-aunen da masanan Faransa suka daɗe suna yi sun nuna cewa a tsakanin teburan tsirran ruwa sun fi ƙaranci, amoniya da fosfaras kuma sun fi yawa, daidai da abin da dattijon nan ya nuna mini a gindin tanki.

Abin lura a tarihin Thau shi ne abin da ya kawo sauƙi. Tun daga shekarun 1970 aka shiga gyaran ma'aikatun tace ruwan masai na garuruwan da ke kewaye, fosfaras ɗin ruwan ya faɗi ƙwarai, mugun ruwa ya rage yawan zuwa, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta fara dawowa. Kawa na nan tun kafin gyaran, tana nan bayansa. A tudu aka yi aikin da ya warkar da tafkin. Wani abin dariya kuma, ko in ce abin tunani, da ruwa ya tsabtata sai wasu masu kiwo suka fara kukan cewa abincin kawa ya ragu. Ba laifinsu ba ne, haƙƙinsu suke nema. Amma wannan kuka kaɗai ya isa ya nuna muku cewa mai kiwo da mai son tsabtar ruwa tafiyarsu ɗaya ce zuwa wani wuri, daga nan kowa da hanyarsa, kuma ku ne alƙalan inda hanyar ta rabu.

A Italiya labarin ƙumbar laka ne. An shigo da nau'in da ake kira na Manila tafkin birnin Banis (Venice) a 1983, ya isa Sacca di Goro da ke bakin kogin Po a 1986. Goro ƙaramin tafki ne, murabba'in kilomita 26, zurfinsa wajen mita ɗaya da rabi, kuma kogin da ke zuba masa ya ratso yankin da ya fi ko'ina noma da masana'antu a ƙasar. Ƙumba ta azurta garin, babu mai musun haka. Sai dai masu bincike na Jami'ar Parma sun auna sun ga lakar da aka cika da ƙumba ta fi shan oksijin, ta fi fitar da amoniya. A ruwa marar zurfi da rana ke kaiwa ƙasa, wannan amoniya abincin wata gansakuka ce mai faɗin ganye da ake kira Ulva. Ta yi ta yaɗo kamar an shimfiɗa tabarmi, zafi ya zo ta ruɓe gaba ɗaya, ta shanye oksijin, ta kashe ƙumbar da ta taimaka wajen ciyar da ita. A Banis kuwa salon girbin ne ya zama fitina. A shekarun 1990 jiragen kamun ƙumba sun yi ta jan ƙarafa suna tone ƙasan tafkin da ƙarfin inji, laka ta tashi, ruwa ya gurɓace, ciyawa ta tuge, abin da aka binne shekara da shekaru ya dawo cikin ruwa. Ajiyar da na ambata ɗazu ke nan.

Me ya sa gona ɗaya ke zama alheri a wani tafki ta zama annoba a wani? Galibi amsar na ƙofar tafkin. Masana sun kasa tafkunan nan gida uku: shaƙaƙƙe mai ƙofa ɗaya siririya, mai matsakaiciyar ƙofa, da mai ƙofofi da yawa wanda teku ke shiga yana fita yadda ya so. Ria Formosa ta ƙasar Fotugal, inda ake samun mafi yawan ƙumbar laka ta ƙasar, tana cikin na ƙarshe: cikowa da janyewar teku sau biyu a yini suna sauya babban kason ruwanta. Thau da ire-irensa na Bahar Rum ba su da wannan gata, domin tekun nasu ba ya cikowa sosai. Akwai lissafi mai sauƙi da aka daɗe da sani: kwana nawa dabbobin gona ke ɗauka su tace ruwan tafkin kaf, kwana nawa kuma teku ke ɗauka ya sauya ruwan? In dabbobi sun riga teku, su ne ke mulkin tafkin. Kuma mulkin na da alamu. Kawa ba ta iya kama tsirran da suka gaza 'yan maikiron (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), suna wuce matatarta. Ta cinye manya, ta bar ƙanana, ta zuba musu amoniya. A mashigin Tracadie na ƙasar Kanada, inda ake kiwon ƙumbar igiya sosai, an tarar waɗannan mitsi-mitsin ne suka mamaye ruwan. Mai gonar da ke can ciki, nesa da ƙofa, shi ke fara gani a jikin kayansa: ruwa ya iso masa an riga an tace, ƙumbarsa ta ƙi ƙiba, ya yi ta zargin iri.

Kada a ce na zo da wuƙa ne a kan sana'ar mutane. In aka jera hanyoyin samar da nama, da wuya a sami wadda ta kai wannan sauƙin ɓarna, tunda ba a zuba abinci, ba a zuba taki, abin da ke cikin ruwa ake juyawa. Kejin kifi ƙara wa tafki naitirojin yake yi, gonar kawa ragewa take yi, ko da kaɗan ne. Ruwan da ya yi haske yana barin rana ta kai ƙasa, ciyawa ta tsiro, ita kuma ta riƙe laka ta shigar mata da oksijin ta saiwoyinta. Wani masani mai suna Roger Newell ya ƙiyasta a 1988 cewa kawar da ke mashigin Chesapeake na Amurka kafin 1870 tana iya tace ruwansa cikin kwana 3 zuwa 6, alhali wadda ta rage a zamaninsa sai ta kusa shekara. Rashin kawa asara ce babba. Kuma na yaba da yadda hukumar kula da wannan mashigi ta yi a 2016, da ta amince a riƙa lissafa kiwon kawa cikin hanyoyin rage taki: abin da ta fara yarda a ƙirga shi ne wanda ke cikin naman da aka girbe, wanda ake iya aunawa a sikeli. Tsantseni ke nan.

Abin da nake tsoro shi ne a mai da kawa mayafin rufe laifin tudu. Ku dubi Mar Menor na ƙasar Sifen, tafki mai murabba'in kilomita 135 da gonakin ban-ruwa na Campo de Cartagena suka yi shekaru suna ɗura wa naitiret. A 2016 ya koma koren ruwa mai kauri, kimanin kashi 85 cikin 100 na ciyawar ƙasansa ta mutu. A Oktoban 2019 da Agustan 2021 matattun kifaye suka cika gaɓa tan-tan. A 2022 majalisar ƙasar ta ba tafkin matsayin mai haƙƙi a gaban shari'a. Yanzu masu bincike na gwada mai da kawar da ta taɓa yawa a cikinsa, kuma ina yi musu fatan nasara. Amma duk wanda ya ce kawa za ta ɗauke wa manoman yankin nauyin rage taki, ɗiban teku da cokali yake ba da shawara. A tafkin da ya riga ya ƙoshi, cika shi da igiyoyi na iya zama tara kashi wuri guda a kan lakar da dama numfashinta sama-sama yake.

Haka nan ku yi hattara da masu zuwa da takardun cinikin kabon, wato neman a biya su kuɗin rage iskar kabon mai ɗumama duniya, suna cewa ɓawon kawa rumbun ajiye kabon ne. Gina ɓawo da kansa yana sakin iskar kabon cikin ruwa. Wannan magana ce mai tsawo, na taɓo ta ne kawai don kada a shammace ku.

Ga abin da nake roƙo. Kafin ku ba da izini, ku nemi a gaya muku kwanakin da ruwan tafkin ke ɗauka ya sauya, kuma a ɓangaren da za a kafa gonar, domin lungun tafki da bakin ƙofarsa ba ɗaya ba ne. Ku yi lissafin dabbobin tafkin duka a dunƙule. Izini ɗaya-ɗaya ne ke kashe tafki: kowace gona ƙarama ce a takardarta, sai an haɗa ɗari uku ake ganin ɓarnar, lokacin kuwa babu wanda za a kama. Ku sa awon laka cikin sharuɗɗa, ba na ruwa kaɗai ba. Ba sai kun ƙirƙiro ma'auni ba: ASC, ƙungiyar da ke ba gonakin ruwa shaidar inganci a duniya, a ƙa'idarta ta kiwon masu ɓawo biyu ta riga ta sa iyaka a kan salfayid na laka, ƙasa da maikiromola (ma'aunin yawan sinadari) 1,500 a lita lafiya, daga nan zuwa 3,000 a sa ido kowace shekara, abin da ya haura 3,000 ba a yarda da shi ba. Ku bar sarari tsakanin layuka don ruwa ya ratsa, ku bar wa masu kiwo damar matsar da igiyoyi su hutar da ƙasa kamar yadda manomi ke hutar da gona. Sau da yawa iyakar da ku kuka zana musu a taswira ce ke tilasta su zama wuri guda shekara ashirin. Dattin da ake kankarewa daga igiya da ɓawo, da matattun dabbobi, a fita da su tudu, kada a tura su ƙarƙashin tebur. Inda kuma za ku biya mai kiwo ladan naitirojin ɗin da ya kwashe, ku biya shi, ya cancanta, amma a kan abin da ya hau sikeli, kuma kada kuɗin ya zama lasisin da wata ma'aikata ko wani gari zai ci gaba da zuba datti da shi.

Akwai matsalar da ta shafe ku kai tsaye, ina neman afuwa in faɗe ta. Mai ba da izinin gona ofishinsa daban, mai kula da ruwan masai daban, mai kula da takin manoma daban, kuma sau da yawa ba sa zama tebur ɗaya sai kifi ya mutu. Naitirojin kuwa bai san iyakar ma'aikatu ba. Ranar da mugun ruwa ya zo, mai kiwo ne ke kwasar asara, shi ne kuma ake nuna wa yatsa domin igiyoyinsa ake gani, alhali takin da ya haddasa abin ya taso ne daga kilomita hamsin a tudu. Ku sa masu kiwon cikin aikin sa ido. Su ne ke kan ruwa kullum, su ke fara jin wari, su ke ganin lokacin da ƙaguwa da ƙananan kifaye suka fara hawowa sama suna neman iska.

Game da lokacin awo kuma, don Allah a daina zuwa da hantsi a watan sanyi. Da rana tsirrai na zuba oksijin cikin ruwa, na'ura za ta nuna muku lafiya ko da tafkin na gab da shaƙewa. Ku aiko jami'anku a tsakiyar zafi, bayan iska ta ɗauke kwana uku ko huɗu, su isa wurin kafin fitowar rana. Su sauke na'urar har dab da ƙasa, su soka bututu ɗaya ƙarƙashin igiyoyi, ɗaya kuma mita ɗari daga gonar, su ɗauki hoton biyun a jere da abin awo a gefe, a liƙa shi a fayil ɗin gonar kafin a sabunta izininta.

Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar lamuran ruwa da gaɓar teku